Ikkilisiya da Maƙwabtanta: Jawabin Babban Baƙo a Bikin Cikar Ikkilisiya Shekara 50

Shugaban wannan taro,
Shugaban Gunduma da Sakatarensa,
Mai Girma Hakimi da masu unguwanni,
Malam Liman da tawagarsa, waɗanda suka amsa gayyatarmu,
Rabaran-Rabaran da Fastoci tare da matansu,
Dattawan Ikkilisiya,
Zumuntar Mata, Zumuntar Maza da Zumuntar Matasa,
Ƙungiyar Mawaƙa, 'yan Birged maza da mata, da malaman Makarantar Lahadi,
Manyan baƙi, 'yan'uwa maza da mata,



GABATARWA

Da farko ina miƙa godiya ga Allah wanda ya bar mu da rai da lafiya har muka ga wannan babbar rana. Da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki bulo a ka don gina wannan majami'a sun riga mu tafiya gida. Ba mu fi su da kome ba, alherin Allah ne kawai. Ina kuma gode wa kwamitin shirye-shirye da suka tuna da tsoho kamata. Na yi hidima a cikinku shekaru masu dama. Na yi wa waɗansunku baftisma, na ɗaura wa waɗansu aure, na kuma raka iyayen waɗansu zuwa makwancinsu. Saboda haka idan kun ji wata magana ta yi ɗaci a bakina yau, ku karɓe ta kamar maganar uba ga 'ya'yansa.

Kan maganar da kwamiti ya ba ni shi ne hidimar ikkilisiya ga al'ummar da take zaune a cikinta. Zan bi shi ta hanyoyi biyar, in Allah ya yarda.

1. MENE NE JUBILI?

Da yawanmu idan aka ce jubili, abin da yake zuwa mana a zuciya shi ne anko, kalanda, shinkafa da rawa. Duk waɗannan ba laifi ba ne. Amma kalmar ta fito daga Ibrananci, inda take nufin ƙahon rago, kuma bayaninta yana cikin Littafin Firistoci sura 25. Allah ya umarci Isra'ilawa su ƙirga shekara bakwai sau bakwai, wato 49. Daga nan sai a busa ƙaho a dukan ƙasar a rana ta goma ga wata na bakwai, Ranar Kafara, a keɓe shekara ta hamsin.

A wannan shekara abubuwa uku suke faruwa. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gadonsa, gonar za ta koma hannunsa. Ba'isra'ilen da bashi ya sa ya sayar da kansa ga bauta, zai koma gida shi da 'ya'yansa. Ita ƙasar ma za ta huta, ba shuka ba girbi. Dalilin da Allah ya bayar shi ne, ƙasa tasa ce, mutane baƙi ne kawai a cikinta.

To, ku lura da wanda ya fi kowa murna idan aka busa wannan ƙaho. Matalauci ne, da bawa, da wanda ya rasa gonarsa. Mai dukiya kuwa a ranar ne yake sakin abin da yake hannunsa. Ubangiji Yesu ma da ya tashi fara hidimarsa a majami'ar Nazarat, a Luka sura 4, wurin da ya buɗe cikin littafin annabi Ishaya yana magana ne a kan matalauta, ɗaurarru, makafi da waɗanda ake zalunta. Saboda haka tambayar da nake so kowa ya riƙe har ƙarshen jawabina ita ce: ban da mu da muke sanye da anko, wane ne a unguwar nan zai yi murna domin ikkilisiyarmu ta cika shekara 50?

2. GADON DA MUKA TARAR

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara cikin ƙasar Sudan. Shekara ɗaya ba ta wuce da yawa ba, biyu suka mutu a 1894, Kent a Bida, Gowans kuma a Girku, nan cikin ƙasarmu. Sai a 1902 aka sami kafa tashar farko a Patigi. Daga cikin waɗanda suka zo a wannan lokaci akwai Dokta Andrew Stirrett, mai sayar da magani daga Kanada, wanda ya rabu da shagunansa ya zo ya zauna a cikinmu har mutuwarsa a Jos a 1948. Ya yi wa'azi ba iyaka, ya kuma sa hannu cikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Duk da haka sunan da Hausawa suka laƙaba masa shi ne Bature Mai Magani. Da abin da ya yi wa jikinsu suka fara saninsa.

A ƙarshen shekarun 1930, sarakunan Kano, Katsina da Sakkwato, waɗanda ba su yarda a yi wa'azi a cikin biranensu ba, sun yarda SIM ta kula da kutare a Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. A zamanin da mutum yake gudun ɗan'uwansa kuturu, masu bi suka zauna suna wanke gyambo. A 1943 aka buɗe Asibitin Ido na Kano, wanda mutane suka riƙa zuwa daga nesa, har daga ƙetaren iyaka. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi a ƙasar Nijar. A 1959 aka buɗe asibitin Jankwano a Jos, inda a 1992 aka kafa sashen yi wa mata masu yoyon fitsari aiki. Da yawa daga cikin matan da aka share wa hawaye a can ba Kirista ba ne, ba a kuma tambaye su addini kafin a kwantar da su ba.

Wannan hidima ba ta tsaya ga asibiti kaɗai ba. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin SIM daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututtukan itatuwan da aka sare suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya koya wa manoma su bar 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, su sassabe sauran. Manoman suka kira abin sassaben zamani, maƙwabci ya koya wa maƙwabci, har masu bincike suka kiyasta cewa itatuwa sun farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Kayan aikin duka wuƙa ce da haƙuri. 'Yan'uwanmu na sauran ikkilisiyoyi su ma ba a bar su a baya ba. SUM ta buɗe asibitin Vom a 1922 da makarantar makafi a Gindiri a 1953, 'yan'uwanmu na Garkida kuma suka fara da makaranta da ɗakin magani tun zuwansu a 1923.

An kafa ECWA a 1954, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata dukan ayyukanta a Nijeriya. Tun daga ranar ba mu da wani Bature da za mu ɗora wa nauyi. Gadon ya zama namu, da daɗinsa da wuyarsa.

3. LABARIN RIJIYARMU

A daidai waɗannan shekaru ne iyayenmu suka fara taruwa a nan. Ma'aikatan masaƙa ne, da na reluwe, da sojoji masu ritaya, da 'yan ƙananan ma'aikatan gwamnati, waɗanda neman abinci ya kawo su Kaduna daga ƙauyukansu. Matasa ba su san wannan ba, amma kafin a sa wa majami'ar farko kwano, sai da aka haƙa rijiya da aikin gayya. Ba shinge, ba ƙofa. Da rani matan unguwa duka a nan suke jan ruwa, kuma a bakin rijiyar nan ne iyayenmu mata suka ƙulla ƙawance da maƙwabtansu. Da Kirsimeti mu aika musu da shinkafa da cincin, da Babbar Salla su aiko mana da nama. Da yamma Zumuntar Mata suna koyar da karatu da ɗinki a kan bencin majami'a, kuma duk wadda ta zo ana ba ta wuri.

Sai kwanakin baƙin ciki suka zo. Rikicin Fabrairu na 2000, da na Nuwamba 2002, da na bayan zaɓe a Afrilu 2011, sun ci rayuka daga kowane ɓangare. Ba gida a cikinmu da bai yi kuka ba, haka ma gidajen maƙwabtanmu. Mutane suka yi ta sayar da gidaje ko musayarsu, Kirista da yawa suka koma kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewacinsa. A cikin shekarun nan ne kuma masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka rasa aiki.

Yanzu zan faɗi laifina a gabanku. Bayan rikicin 2000 majalisar dattawa ta zauna a kan maganar katanga, ni ne kuma na shugabanci zaman. Muka yarda a ɗaga bango, a sa ƙofar ƙarfe, a riƙa kulle ta in ba lokacin sujada ba. Ba wanda ya tuna da rijiya a cikinmu, ko kuwa mun tuna muka yi shiru. Bayan 'yan makonni wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta fi shekara ashirin tana jan ruwa a nan, ta tare ni a bakin ƙofa da bokitinta. Ta gaishe ni da ladabi, sa'an nan ta ce, "Fasto, ashe ruwan ma ya shiga faɗan?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Na ce za mu duba, ba mu kuwa duba ba har aka yi mini canjin wurin aiki. Shekaru bayan haka, da uwargidana ta rasu, tsohuwar nan ta hau mota ta ƙetare kogi ta zo yi mini ta'aziyya. Ita ma yanzu ta rasu, ƙofar kuwa tana nan a kulle.

Ban ce a rushe katanga ba. Wanda ya ga abin da muka gani ba zai raina tsaro ba, Nehemiya ma ya gina garu. Amma gaskiya ita ce yawancinmu yanzu daga nesa muke zuwa. Mu sauka daga mota da safiyar Lahadi, mu shiga, a kulle, mu tashi, mu koma. Mun zama baƙin ranar Lahadi a unguwar da iyayenmu suka taimaka wajen kafa ta. Yaran da aka haifa a layin nan bayan 2000 ba su san kome game da mu ba sai ƙarar lasifika da motocin da suke tare musu hanya.

4. ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA

Na farko, Irmiya sura 29. Annabi ya rubuta wasiƙa ga Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, mutanen da zuciyarsu take gida, suna zaune cikin waɗanda suka ci birninsu da yaƙi. Allah ya ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin, su kuma yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Mu ma haka muke. Kuɗinmu ƙauye yake tafiya, gidan tsufanmu a ƙauye muke gina shi, gawarmu ma can ake kai ta. Amma a nan Allah ya ajiye mu shekara 50, zai kuwa tambaye mu abin da muka yi wa wannan wuri.

Na biyu, misalin Basamariye a Luka sura 10. Malamin Attaura ya so a yanka masa iyaka, a gaya masa wane ne maƙwabcinsa. Yesu ya ba shi labarin da firist da Balawe suka ratse suka wuce, mutumin wata kabila da wani addini kuma ya tsaya, ya ɗaure raunuka, ya biya kuɗin masauki. Mun ga irin wannan a zamaninmu. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kirista, a cikin masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. A nan Kaduna kuma Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, sun ajiye gaba suka yi aikin sulhu tare. Idan wani ya ce ba za a iya ba, ga shaidu.

Na uku, Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni na farko a ikkilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne, domin ana mantawa da gwaurayen masu jin Helenanci. Manzanni ba su ce wannan maganar duniya ce ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu mutunci, cike da Ruhu da hikima, aka danƙa musu aikin. Wannan ya nuna mana cewa hidima tana bukatar tsari da amintattun mutane. A sura 9 kuma, da Dokas ta mutu a Yafa, gwauraye suka kewaye Bitrus suna nuna masa rigunan da ta ɗinka musu. Idan aka wayi gari ba wannan ikkilisiya, me maƙwabtanmu za su ɗaga su nuna?

Na san akwai masu cewa aikin ikkilisiya wa'azi ne, ruwa da magani aikin gwamnati ne. Ina roƙonsu su sake karanta Yakubu sura 2 da Matiyu sura 25 daga aya 31. Akwai kuma masu cewa, mu taimake su domin su shigo cikinmu. Su ma ina yi musu gargaɗi, a gaban Malam Liman nake faɗa domin ya zama shaida. Alheri ba ƙugiyar kamun kifi ba ne. A Luka sura 17 Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne kaɗai ya komo ya yi godiya, amma bai karɓe lafiyar sauran taran ba. Ba za mu ɓoye sunan Kristi ba, duk wanda ya tambaye mu dalili za mu gaya masa a fili. Amma ba za mu sa wa kowa sharaɗi a kan kofin ruwa ba.

5. SHAWARWARI GA IKKILISIYA

Na ga a cikin wannan littafi cewa gidauniyar da za a kafa yau domin faɗaɗa majami'a ce. Abu ne mai kyau. Roƙona ga majalisar dattawa shi ne a cire kashi ɗaya cikin goma na duk abin da aka tara, a kashe shi a bayan katanga. Mun daɗe muna koya wa mambobi fitar da zakka, bari ikkilisiya ma ta fitar da tata. Ga hanyoyin da nake gani:

(a) Ruwa. A mai da tsohuwar rijiya burtsatse mai aiki da hasken rana, tanki yana ciki, famfuna kuma a jikin bango ta waje. Katanga tana nan, ruwa kuma ya fita. Burtsatse da yawa sun mutu a garin nan domin ba wanda aka ɗora wa gyara, saboda haka a kafa kwamiti da mutanenmu da mutanen unguwa. Mata da yara su ɗiba kyauta, 'yan garuwa su biya ɗan abu kaɗan a kowace kura domin asusun gyara, ta haka ba mu kashe musu sana'a ba.

(b) Lafiya. Allah ya ba mu nas-nas, ungozomomi da likitoci a cikin mambobi. Asabar ɗaya a wata su zauna a rumfa a waje, su auna hawan jini da ciwon sukari, su tura wanda ya kamata zuwa asibiti, su koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaro mai gudawa.

(c) Tsabta. Kafin damina ta sauka, matasanmu da matasan unguwa su fito tare da shebur da baro su yashe magudanan ruwa. Sauro da amai da gudawa ba sa tambayar sunan mutum kafin su kama shi.

(d) Ilimi da sana'a. Ɗakunan Makarantar Lahadi suna kulle kwana shida a mako. Malamanmu masu ritaya za su iya koyar da lissafi da Turanci da yamma. Masu walda, kafintoci, teloli da makanikai na cikinmu kowa ya ɗauki yaro ɗaya daga unguwa. A 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, amma doka kaɗai ba ta raba yaro da ƙwaya idan ba shi da abin yi.

(e) Jubili a cikin gida. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowa ya san yadda mudu ya yi tsada. Idan kana bin ɗan'uwa bashin da ka san ba zai iya biya ba, ka yafe masa a wannan shekara. Idan kana riƙe da gona, gida ko takardun fansho na ɗan'uwanka da ya rasu, alhali matarsa da 'ya'yansa suna wahala, ka mayar musu kafin shekara ta ƙare. Wannan shi ne ainihin busa ƙaho.

Kafin a fara ko ɗaya daga cikin waɗannan, dattawa su tashi su je gidan mai unguwa da gidan Malam Liman, su gaishe su, su tambaye su abin da ya fi damun jama'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, zumunci kuma a ƙafa yake. Kada a yi hoto da fuskar mabukaci. A riƙa karanta lissafin kuɗi a gaban ikkilisiya kowane wata uku. A fara da abu ɗaya a riƙe shi da kyau, ya fi a fara biyar a watsar.

KAMMALAWA

'Ya'yana matasa, ku ne za ku ga bikin shekara 75, waɗansunku har na 100. Mu mun gina katanga domin tsoro, kuma Allah ya san abin da muka gani. Ku ina roƙonku ku san sunayen yaran da suke bayan katangar. Iyayena mata na Zumunta, ku ne kuka fara wannan aiki a bakin rijiya, ku ne kuma za ku iya tayar da shi. Ranka ya daɗe Hakimi, da Malam Liman, mun gode da kuka tako, muna kuma neman gafara a kan inda muka gaza a haƙƙin maƙwabtaka.

Ni dai ƙarfina ya ƙare, abin da ya rage mini shi ne addu'a da ɗan abin fansho. Na miƙa wa ma'aji nawa gudummawar domin famfo na farko, ina kuma roƙon Allah ya bar ni da rai in ga ranar da za a buɗe shi.

Ubangiji ya albarkaci wannan ikkilisiya, ya albarkaci wannan unguwa da dukan mazaunanta, ya ba jiharmu da ƙasarmu Nijeriya salama. Ya mai da kowa gidansa lafiya.

 Allah ya sa albarka, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.